Rumbun Tsoka da Fargabar Zuciya: Darasi Daga Ƙarshen Kakar Ƙwallo ta 2013 a Ingila

Duk shekara idan na zo koyar da darasin tsoka da yadda take samun ƙarfin yin aiki, nakan lura ɗalibai suna kwafar zanen da ke kan allo ba tare da wani ɗoki ba. Amma da zarar na ambaci ƙwallon ƙafa, sai ka ga har na layin baya sun gyara zama. Wannan ne ya sa na ga ya dace in shigo wa masu karatun wannan mujalla da darasin ta wannan ƙofa. Tambayar da za mu bi ita ce: me ke faruwa a jikin ɗan wasa a makonnin ƙarshe na kakar wasa, sa'ad da ƙungiyoyi ke rige-rigen shiga wasannin cike gurbi, kuma wahalar wata tara ta rataya a kan minti biyu ko uku? Masu sharhi sukan ce sa'a ce, ko kuma su ce wane ya fi wane zuciya. Ba na musun sa'a. Sai dai masana ilmin halittu sun auna wasu abubuwa da ke ɓoye a bayan waɗannan kalmomi, kuma su ne za mu duba.

Yadda Al'amarin Ya Faru

Ƙasa da gasar Firimiya ta Ingila akwai rukuni na biyu da ake kira Championship. Ƙungiyoyi 24 ne a cikinsa, kowace tana buga wasa 46 daga watan Agusta zuwa farkon Mayu. A tsarin da aka bi a kakar 2012 zuwa 2013, ta ɗaya da ta biyu suna hayewa Firimiya kai tsaye. Ta uku zuwa ta shida kuwa sai su kara a junansu, gida da waje, kana biyun da suka yi saura su haɗu a filin Wembley na birnin Landan domin gurbi guda da ya rage. An ƙiyasta cewa wannan gurbi ya kai darajar fam miliyan 120 a wancan lokaci. Ke nan ba wasan yara ba ne: albashin mutane da makomar ƙungiya duk suna cikinsa.

Ranar 4 ga Mayu, 2013, ita ce ranar ƙarshe. Ƙungiyar Leicester, wadda ɗan wasan nan namu Ahmed Musa ya koma a 2016, ta wayi gari tana matsayi na takwas, bayan ta yi ta tuntuɓe tun daga watan Fabrairu. A ranar ta je gidan Nottingham Forest, ana biyu da biyu har lokaci ya cika. A cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara ne wani matashi Bafaranshe, Anthony Knockaert, ya jefa ta uku. Leicester ta gama da maki 68, Bolton ma da maki 68, sai bambancin ƙwallaye ya ba Leicester matsayi na shida. Forest ta tsaya a 67. Mai karatu ya lura: bayan wasa 46, abin da ya raba ƙungiyoyi uku bai wuce maki ɗaya ba.

A ranar ce kuma Watford, wadda ke neman matsayi na biyu, ta sha kashi a gidanta da ci biyu da ɗaya a hannun Leeds. Mai tsaron gidanta, Manuel Almunia, ya ji ciwo tun ana motsa jiki kafin wasa. Wanda ya maye gurbinsa shi ma ya ji ciwo a cikin wasan. Sannan aka ba ɗan wasanta na gaba, Troy Deeney, jan kati. Sai Watford ta ƙare ta uku, aka haɗa ta da Leicester.

Daren Alhamis, 9 ga Mayu, Leicester ta ci ɗaya da nema a gidanta. Ranar Lahadi, 12 ga wata, aka koma filin Vicarage Road na Watford. Lokaci ya cika Watford tana da biyu, Leicester tana da ɗaya, watau jimilla kunnen doki. Can wajen minti na shida na ƙarin da aka yi, sai alƙali ya ba Leicester bugun fenareti. Knockaert ne ya ajiye ƙwallo. Ya buga, Almunia ya tare da ƙafa. Ya sake bugawa, Almunia ya sake tarewa. Kimanin daƙiƙa 20 bayan haka, ƙwallo tana cikin ragar Leicester a ɗaya gefen filin, Deeney ne kuma ya jefa ta.

To, bari mu ajiye labari mu shiga cikin jiki.

Ƙwarya, Buhu da Rumbu

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP. Shi ne kuɗin da kowace ƙwayar halitta ke kashewa. Abin mamaki shi ne tsoka ba ta ajiye shi da yawa. Wanda ke cikinta ba zai kai mai gudun tsiya daƙiƙa uku ba. Kamar garin da ke cikin ƙwarya ne, tuƙi ɗaya ya ƙare. Domin a sake cika ƙwaryar nan take, akwai wani sinadari mai suna fosfokiriyatin, wanda za mu kwatanta da buhun da ke jingine a ɗaki. Shi ma gudu mai tsanani na kamar daƙiƙa goma yakan kusa zazzage shi, kuma yana bukatar 'yan mintuna kafin ya sake cika.

Babbar ajiya ita ce gilaikojin, watau sukarin gulukos da jiki ya ƙulla wuri ɗaya ya adana. Daga tuwo da shinkafa da dankali da burodi ake samun sa. Baligi mai matsakaicin jiki yana da kamar giram 400 a tsokoki da kamar giram 100 a hanta. Wannan shi ne rumbu. Akwai kuma kitse, wanda ya fi duk waɗannan yawa nesa ba kusa ba, amma ƙona shi yana da nawa, sai da wadatar iskar oksijin da haƙuri. Kitse zai riƙe mai tafiya da mai sassarfa. Wanda zai tsere wa mai tsaron baya kuwa, ko ya daka tsalle ya sa kai, dole ya buɗe rumbu.

Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 13 a wasa guda, zuciyarsa tana bugawa a kan kimanin kashi 85 cikin ɗari na iyakar ƙarfinta. Yaya aka san abin da wannan ke yi wa rumbu? Tun cikin shekarun 1960 masana a ƙasar Suwidin suka ƙware wajen tsakuro ɗan ƙanƙanin nama daga cinyar mutum da wata allura, su auna abin da ke ciki. A 1973 Bengt Saltin ya ba da rahoton cewa 'yan wasan da suka shiga fili da ƙarancin gilaikojin sun kusa ƙarar da shi tun kafin hutun rabin lokaci, kuma nisan da suka yi ya gaza na sauran da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A 2006 Peter Krustrup da abokan aikinsa a Danmak suka duba zaruruwan tsoka ɗaya bayan ɗaya, suka tarar cewa bayan tashi daga wasa kusan rabinsu sun zama wayam, ko kuma saura ƙiris.

Wannan bincike na biyu ya fi burge ni, domin ya nuna cewa rumbun ba guda ba ne. Kowane zare yana da nasa, kuma wanda ya ƙoshi ba ya iya ranta wa maƙwabcinsa da ya tsiyace. Saboda haka ɗan wasa yana iya jin cewa da sauran ƙarfinsa, amma idan ƙwaƙwalwa ta yi kiran gayya domin gudu na ƙarshe, sai rabin ma'aikatan su kasa fitowa. Masanan na Danmak sun auna wannan a fili tun 2003: gudu mai tsanani a minti 15 na ƙarshe ya gaza na minti 15 na farko da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda aka sako daga benci kuwa sun fi waɗanda suka fara wasan irin wannan gudu da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Ba mamaki ke nan da aka fi cin ƙwallaye a ƙarshen wasa. Mai tsaron baya da ya makara da taku ɗaya ya riga ya makara.

A nan ya kamata in gyara wani kuskure da har littattafan makaranta suka daɗe suna yaɗawa, cewa wai sinadarin laktik asid ne ke taruwa ya kawo tsamin jiki washegari. Ba haka ba ne. Jiki yakan kwashe shi cikin kamar awa guda bayan an daina gudu, har ma zuciya da hanta su yi amfani da shi. Tsamin jiki daga wani wuri yake zuwa.

Raunin da Ido Ba Ya Gani

Abin da ya fi cin tsoka a ƙwallon ƙafa shi ne birki: mutum yana cikin gudu ya tsaya cak, ya juya, ya dira daga tsalle, ya miƙa ƙafa ya tare. A irin wannan hali tsoka tana ɗaurewa alhali ana jan ta tana miƙewa, sai zaruruwanta su sami 'yan ƙananan tsage-tsage waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganin su. Daga cikinsu wasu sinadarai kan yoyo zuwa cikin jini, likitoci kuma sukan auna su domin sanin girman ɓarnar. Kumburi da tsami sun fi tsanani kwana ɗaya zuwa biyu bayan wasa. Ƙarfin gudu da na tsalle yakan ɗauki har awa 72 kafin ya komo daidai, musamman a tsokar bayan cinya, wadda ita ce aka fi jin ciwo a cikinta a wannan sana'a. Bugu da ƙari, zaren da ya tsage ba ya karɓar sukari da sauri. An auna an ga cewa ko da ɗan wasa ya ci abinci mai yawan sitaci, bayan kwana biyu wasu zaruruwan ba su gama cika rumbunsu ba.

Yanzu mai karatu ya koma kan kwanakin da muka ambata: 4 ga wata, 9 ga wata, 12 ga wata. Wasa uku a cikin kwana tara, bayan wasa 45 da suka gabata. Tsakanin daren Alhamis da ranar Lahadi kuwa ko awa 72 ɗin ba ta cika ba.

Me cunkoson wasanni ke haifarwa? Gregory Dupont da abokan aikinsa sun bi 'yan wasa 32 na wata babbar ƙungiyar Turai har kaka biyu, suka wallafa sakamakon a 2010. Abin da suka samu ya saɓa wa zaton mutane da yawa, har da ni a lokacin da na fara karanta shi. Masu buga wasa biyu a mako ba su rage nisan gudunsu ba. Abin da ya canja shi ne yawan jin ciwo: rauni 25.6 a kowace awa dubu, a maimakon 4.1 ga masu buga wasa ɗaya. Ninki shida ke nan. Ma'ana, ƙwararren ɗan wasa zai tilasta wa jikinsa ya biya abin da aka nema, ko da bashi ne, sai daga baya jijiya ko tsoka ta zo karɓar bashinta. Shi ya sa a ƙarshen kaka ƙungiya mai 'yan wasa da yawa a benci takan tsere wa wadda ta dogara ga mutum goma sha ɗaya, ko da sha ɗayan nan sun fi gwaninta.

Akwai wani abu a labarinmu da ba a cika ambata ba. Jan katin da aka ba Deeney ranar 4 ga wata ya hana shi buga wasan Alhamis. Magoya bayan Watford sun ɗauke shi asara, kuma asarar ce, tun da an ci su. Amma ta fuskar ilmin jiki, mutumin da ya sheƙo da gudu a minti na 97 ranar Lahadi ya sami hutun kwana takwas, alhali galibin masu tsaron sa ba su sami uku cikakku ba. Ban ce wannan ne ya ci ƙwallon ba. Masanin kimiyya ba ya kafa hukunci a kan misali ɗaya. Na dai ce abin lura ne.

Mita Goma Sha Ɗaya

Saura Knockaert. Bugun fenareti ba ya bukatar rumbu. Ko wanda ya gaji liƙis zai iya harba ƙwallo mita 11. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Ƙwallo takan isa cikin kamar rabin daƙiƙa, mai tsaron gida kuwa yana bukatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ma jikinsa ya fara amsa abin da idonsa ya gani. Shi ya sa ake cin kimanin uku cikin kowane huɗu. To, me ke kayar da gwani a nan?

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su tsarto sinadarin adirenalin cikin jini. Nan da nan zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya hau, hanta ta saki sukari, baki ya bushe, tsokoki su ɗaure. Wannan shiri ne na faɗa ko gudu, kuma ya yi wa ɗan Adam rana tun zamanin da yake kwana kusa da namun daji. Matsalar ita ce wannan sashe na ƙwaƙwalwa bai san bambancin kura da 'yan kallo dubu goma sha ba. Tun 1908 Robert Yerkes da John Dodson, a gwajin da suka yi da ɓeraye a Amurka, suka nuna cewa matsi kaɗan yana gyara koyo, amma idan ya yi yawa yakan ɓata aiki mai wuya. Gudu da ture suna son adirenalin. Saiti ba ya son sa da yawa.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila suka sanya wa 'yan wasa wani tabarau mai bin motsin ƙwayar ido, suka sa su bugun fenareti, wani lokaci cikin natsuwa, wani lokaci bayan an tayar musu da hankali. Da fargaba ta shigo, sai idanunsu suka riƙa komawa kan mai tsaron gida da wuri, suna daɗewa a kansa, ƙwallon kuma ta riƙa matsowa tsakiya, kusa da shi. Dalili kuwa a fili yake: dabba mai jin tsoro abin tsoron take kallo, ƙafa kuma inda ido ya nufa take bi. Duk wanda ya koyi tuƙa keke ya san wannan. Ramin da ka ƙura wa ido shi kake faɗawa.

Geir Jordet, wani masani ɗan ƙasar Norwe, ya tattara bugun fenaretin raba gardama na manyan gasannin duniya. Ya tarar cewa idan bugun na cin nasara ne, ana jefa kimanin tara cikin goma. Idan kuwa na kauce wa faɗuwa ne, watau in ka ɓarar an fitar da ku, sai adadin ya sauko zuwa kimanin shida cikin goma. Tazara ɗaya, raga ɗaya, ƙwallo ɗaya. Ya kuma lura cewa waɗanda tsoro ya kama sukan yi garajen bugawa, kamar mai son ya sauke tukunya mai zafi.

Gaskiya ta sa in ce bugun Knockaert yana cikin kashi na farko ne, na cin nasara, wanda aka fi jefawa, amma duk da haka bai shiga ba. Alƙaluma suna magana a kan taro ne, ba sa rantsuwa a kan mutum guda. Abin da muka sani shi ne shekarunsa 21, ya yi fiye da minti 90 yana gudu, an ɗan daɗe ana gardama kafin ya buga, ƙwallon kuma ba ta yi nisa da ƙafar Almunia ba. Gajiya da fargaba sukan haɗa kai: ƙwaƙwalwa ita ma gulukos take ci, kuma wanda ya gaji ya fi wuyar tsare hankalinsa wuri ɗaya. Ina ganin wannan ne ma ya bayyana daƙiƙa 20 da suka biyo baya. 'Yan Leicester da yawa sun matso gaba, ransu ya riga ya tafi Wembley. Kafin hankali ya dawo ya umarci ƙafafun da rumbunsu ya ƙare su juya, Watford ta riga ta ƙetare rabin fili.

Wannan ambaliya ta adirenalin ba ta tsaya kan masu wasa ba, kuma a nan nake so dattawanmu masu zuwa gidajen kallo su saurara. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitoci a yankin Munich na Jamus sun ƙirga masu ciwon zuciya da aka kawo cikin gaggawa. A ranakun da Jamus ke wasa, adadin ya ninka na sauran ranaku fiye da sau biyu da rabi, kuma abin ya fi yawa ga maza da waɗanda daman an san suna da ciwon. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya bar shan maganinsa ranar babban wasa. In kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko zafi yana sauka hannun hagu, ko gumi mai sanyi ya karyo masa, to a nufi asibiti, kada a jira a tashi.

Wembley

Ranar 27 ga Mayu Watford ta haɗu da Crystal Palace. Wannan karon kowa ya sami hutun kusan mako biyu. Aka yi minti 90 babu ci, aka shiga ƙarin lokaci na minti 30, yankin da rumbun kowa ya zama sai kaɗe-kaɗe. Gab da hutun ƙarin lokacin, Wilfried Zaha, mai shekara 20, ya kutsa da ƙwallo cikin da'irar Watford. Marco Cassetti, wanda saura kwana biyu ya cika shekara 36, kuma shi ne aka ce ya kayar da Knockaert a wancan wasa, ya miƙa ƙafa a makare. Alƙali ya nuna fenareti.

Wanda ya ɗauki ƙwallon shi ne Kevin Phillips, mai shekara 39, wanda daga benci aka sako shi a kashi na biyu na wasan, kuma a Watford ɗin ya fara sana'arsa ta ƙwararru. Almunia ne dai a raga, ya kuma faɗa ɓangaren da ya dace, amma Phillips ya ɗaga ta can saman kusurwa inda hannu ba ya kaiwa. Palace ta haye da ci ɗaya da nema.

A kaka ta gaba Leicester ba ta bari an kai ga cike gurbi ba. Ta lashe rukunin da maki 102, Knockaert yana cikin 'yan wasanta, haka ma Phillips, wanda ya koma can a watan Janairun 2014.